Rumbun Sanyi: Bayani Kan Madarar Farafin Da Tsaron Maganin Rigakafi

Mutanen ƙasar Zamfara ba baƙi ba ne ga sha'anin ajiya. Da kaka manomi ya kan zuba gero da dawa cikin rumbu don su kai shi bazara, mai dabbobi ya ɗora harawa bisa itace, mace ta shanya kuɓewa da tumatir ta adana. Amma akwai abu guda wanda ba a saba jin an yi masa rumbu ba, shi ne sanyi. To, shi ma ana iya tara shi sa'ad da ya samu, a ci moriyarsa sa'ad da ya yi wuya. An shirya wannan takarda domin hakimai da malamansu na ƙasashen Zurmi da Ƙaura Namoda da Shinkafi su san yadda a ke yin haka, su kuma san wani sabon abu da masana ke gwadawa, wanda za a kira shi madarar farafin a nan.

Dalilin Maganar

Garin Gurbin Bore yana can gefen ƙasar Zurmi, bisa hanyar da ta tashi daga Ƙaura ta bi ta Zurmi ta nufi Jibiya, ba nisa da iyakar Nijar. Kafin ƙaramar kwalbar maganin rigakafi ta iso irin wannan gari sai ta yi doguwar tafiya. Ta kan tashi daga babban ɗakin sanyi na ƙasa, ta sauka a na jiha a Gusau, daga nan a kai ta na ƙaramar hukuma, sa'an nan ma'aikacin lafiya ya ɗauke ta bisa babur cikin akwati ya shiga ƙauyuka da rugage da ita. A duk tsawon wannan tafiya ƙa'ida ɗaya ce: kada sanyinta ya yi ƙasa da digiri 2, kada zafinta ya wuce digiri 8 a ma'aunin santigiret. Tazarar digiri 6 ke nan kawai, a ƙasar da zafin rana kan haura digiri 40 cikin watannin Afrilu da Mayu. Ga ƙarancin wutar lantarki, ga kuma rashin tsaron hanya na 'yan shekarun nan, wanda ya kan sa tafiyar sa'a biyu ta zama ta yini.

Ba sai an tuna wa sarakunan wannan yanki abin da ke cikin maganar ba. A watan Disamba na 2016 annobar sanƙarau ta ɓulla a Zamfara, ƙasar Zurmi tana cikin wuraren da ta fara taɓawa, kafin ta lafa a tsakiyar 2017 an lissafa mutum fiye da 14,000 da a ke zaton sun kamu a jihohin Arewa, fiye da 1,100 suka rasu. A 2023 kuma mashaƙo ya yi ɓarna a Kano da maƙwabtanta, galibi cikin yara. Duka cututtukan nan biyu suna da rigakafi, rigakafin kuwa ba ya aiki sai an tsare shi.

Kowa ya san zafi yana kashe magani. Maganin shan inna na ɗigawa a baki, da na ƙyanda, ba su jure zafi. Saboda haka tun 1996 aka fara manna wa kwalabe wata 'yar alama, da'ira mai murabba'i a tsakiya. In murabba'in ya yi duhu kamar da'irar, ko ya fi ta, maganin ya tashi aiki. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne sanyi ma yana kashewa. Allurar nan mai haɗin cuta biyar da a ke yi wa jarirai, wadda rigakafin mashaƙo ke cikinta, da ta ciwon hanta, da ta sarƙewar haƙora da a ke yi wa mata masu ciki, in suka daskare sau ɗaya ƙarfinsu ya ragu ke nan, ko sun narke ba ya komowa. Ta ciwon hanta tana daskarewa da zarar sanyi ya gota sifiri da rabin digiri. Alamar kan kwalba kuwa ba ta nuna wannan ɓarna, zafi kaɗai ta ke gani. Sai a yi wa yaro allura, a rubuta sunansa cikin littafi, uwarsa ta koma gida hankalinta kwance, alhali kuwa bai sami kariyar da a ke zato ba.

Abin da ke daskarar da maganin ba wani ba ne illa ƙanƙarar da aka sa don ta tsare shi. Gorar ƙanƙara da aka fitar daga injin daskarewa ta kan fito da sanyin da ya kai digiri 20 ƙasa da sifiri. In aka jingina kwalba da ita cikin akwati, kafin a isa ƙauye na farko aikin gama ya gama.

Ɓoyayyen Zafi

Kafin a gane amfanin farafin sai an fara gane abin da ya sa ƙanƙara ke daɗewa da sanyi. Sanyi ba wani abu ba ne mai zaman kansa, rashin zafi ne. In an ce abu yana ajiye sanyi, ana nufin yana shanye zafin da ke shigowa, shi kuwa bai ɗumama ba.

A ɗauki kilo ɗaya na ƙanƙara a sa cikin tukunya bisa wuta, a tsoma ma'aunin zafi. Za a ga ma'aunin ya tsaya cik a sifiri, wuta tana ci, ƙanƙara tana narkewa, amma ba ya motsi har sai guntun ƙarshe ya narke. Sa'an nan ne ruwan zai fara ɗumi. Ina zafin wutar ya tafi a duk wannan lokaci? Ya tafi wajen warware ƙanƙara ta zama ruwa. Wani masani mutumin Sikotlan mai suna Joseph Black, wanda ya koyar a Jami'ar Gilasgo, shi ya bayyana wannan al'amari wajen shekara ta 1762, ya kira shi ɓoyayyen zafi, gama ma'auni ba ya ganinsa. Yawansa kuwa abin mamaki ne. Zafin da zai narkar da kilo ɗaya na ƙanƙara, shi ne zai ɗauki kilo ɗaya na ruwa daga sifiri ya kai shi digiri 80, watau kusa da tafasa. A lissafin masana kilojul 334 ke nan.

Ba ruwa kaɗai ke da wannan hali ba. Duk abin da ke daskarewa ya narke yana da shi, sai dai kowane da matsayin da ya ke yin nasa. Man ja ya kan yi tauri cikin kwalba da hunturu, ya saki jiki da bazara. Man kaɗe yana nan daskare cikin ƙwarya, sai an murza shi a tafin hannu ya narke. Man shanu haka. Kowannensu, sa'ad da ya ke narkewa yana shan zafi, sa'ad da ya ke daskarewa yana mayar da shi. Da ya ke haka ne, sai masana suka ce, in ruwa ya yi wa magani sanyi da yawa domin a sifiri ya ke narkewa, a nemo abin da ke narkewa a digiri 5 ko 6, tsakiyar tazarar da magani ke so. In aka kewaye kwalba da irin wannan abu a daskare, ba za ta daskare ba, ba kuwa za ta ɗumama ba sai ya narke duka.

A nan ya kamata a raba wannan da sanyin randa, kada a haɗa su. Randa tana sanyaya ruwa ne ta wajen naso: ruwan da ya tsattsafo bayanta iska ta kwashe shi, ya tafi da zafi. Da wannan dabara ce Malam Mohammed Bah Abba, wani malamin makaranta a Jihar Jigawa, ya yaɗa tukunya cikin tukunya, da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, har ya sami kyautar Rolex a 2000. Tana da amfani ƙwarai ga gauta da tumatir da alayyafo, musamman da rani sa'ad da iska ke bushe. Amma ba ta saukowa digiri 8, saboda haka ba wurin ajiyar magani ba ce ko kaɗan.

Mene Ne Farafin

Farafin dangi ne na abubuwan da a ke samu cikin ɗanyen man fetur. Kakin da a ke yin kyandir da shi ɗaya ne daga cikinsu. Wani Bajamushe mai suna Karl von Reichenbach ya fara ware shi a 1830. Matatar mai ta Kaduna ma, wadda aka buɗe a 1980, an gina ta da sashen fitar da kaki. Turawan Ingila su kan kira kananzir da wannan suna, to kada sunan ya ruɗi kowa. 'Yan'uwa ne, amma kananzir gauraye ne na abubuwa barkatai, ba ya daskarewa a irin sanyin da a ke magana.

Ƙirar farafin kamar tsakiya ce da aka shirya wa duwatsu. Duwatsun su ne ƙwayoyin sinadarin kabon, jere ɗaya bayan ɗaya. Gwargwadon tsawon jerin, gwargwadon zafin da a ke bukata kafin ya narke. Mai ƙwaya 14, wanda a ke kira tetaradikan, yana narkewa a wajen digiri 6. Mai 15 a digiri 10, mai 16 a digiri 18, mai 18 a digiri 28. Kakin kyandir jerinsa ya wuce ashirin, shi ya sa sai zafi ya kai wajen digiri 50 ko 60 ya ke narkewa. Watau ke nan mai ƙira yana iya zaɓen wanda ya dace da bukatarsa, ko ya gauraya biyu ya sami tsaka-tsaki, kamar yadda maɗinki ke zaɓen zare. Ruwa kuwa matsayinsa ɗaya ne tak.

Mai ƙwaya 14 ɗin nan shi ne abin sha'awa ga masu ajiyar magani. A zafin ɗaki ruwa ne garau marar launi, in ya ji sanyin firiji sai ya zama farin kaki. Kilo ɗaya nasa yana shan wajen kilojul 225 kafin ya gama narkewa, kimanin kashi biyu cikin uku na abin da ƙanƙara ke sha. In aka gwada shi da ruwan sanyi wanda ba a daskarar ba, sai bambancin ya fito sarai. Ruwan da aka yarda ya tashi daga digiri 2 zuwa 8 kilojul 25 kawai ya ke sha a kowane kilo. Kilo ɗaya na farafin ya tsaya a madadin kilo tara na ruwan sanyi ke nan. Ga wanda zai ɗaura akwati bayan babur ya bi hanyar yashi, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Dabarar ba sabuwa ba ce. A 1948 wata masaniya, Maria Telkes, ta ɗumama wani gida a Jihar Masacusets ta Amurka da wani irin gishiri mai narkewa a digiri 32, rana ta narkar da shi, dare ya daskare ya ba da ɗumi. A 1971 kuma Amurkawa sun sa kaki cikin motar da 'yan sama-jannati suka tuƙa a duniyar wata, don ya shanye zafin na'urorinta.

Farafin yana da nasa aibi. Babba shi ne nauyin jiki wajen miƙa zafi: ƙanƙara ta fi shi saurin miƙawa wajen sau goma. In aka zuba shi cikin babban tanki aka sa masa sanyi, gefe ne zai daskare ya zama kamar bargo, ya hana sanyi isa ciki, tsakiya ta kwana tana ruwa. In ya daskare kuma ya zama dunƙule, ba ya bin bututu. Yana cin wuta. Yana ratsa waɗansu irin robobi a hankali ya yi naso. Ya kan tsuke in ya daskare, ya kumbura in ya narke, sai an bar masa fili cikin mazubi. Ga shi da tsada, ruwa kuwa kyauta ne.

Madarar Farafin

Maganin nauyin jikin nan da daskarewa dunƙule shi ne a farfasa farafin ya zama ɗigo-ɗigo cikin ruwa. Wanda ya taɓa duban madarar shanu ya riga ya ga misalinsa. Mai da ruwa ba su haɗuwa, amma madara mai ce da ruwa. Man yana nan cikinta ƙanana ƙwarai, ido ba ya ganinsa, kowane ɗigo da 'yar rigar da ta lulluɓe shi ta hana shi mannewa da ɗan'uwansa. Shi ya sa ta ke fara, ta ke kuma zuba kamar ruwa.

Haka a ke yi wa farafin. A kan narkar da shi, a zuba cikin ruwa tare da wani sinadari dangin sabulu, wanda gefensa ɗaya ke kama mai, ɗaya gefen ke kama ruwa. Duk macen da ta wanke kwanon miya da sabulu ta ga aikinsa. Sa'an nan a kaɗa da inji mai tsananin gudu har ɗigon ya koma kashi ɗaya zuwa goma cikin dubu na milimita, watau ya fi silin gashi sirantaka nesa ba kusa ba. Abin da ke fitowa fari ne fat kamar kindirmon da aka tsinka. In aka sa masa sanyi kowane ɗigo ya kan daskare shi kaɗai, ruwan da ke ɗauke da shi kuwa yana nan ruwa, gama sanyin bai kai sifiri ba. Saboda haka ana iya tura shi da famfo cikin bututu ko farafin ɗin yana daskare.

Wajen saurin miƙa zafi kuma, lissafi ya nuna abin. Lita ɗaya ta farafin in tana dunƙule, fatarta ba ta kai faɗin tabarmar salla ba. In aka farfasa ta ɗigo mai kaurin kashi 2 cikin dubu na milimita, fatar ɗigon duka in an shimfiɗa ta za ta kai murabba'in mita 3,000, wajen kashi uku cikin huɗu na eka. Zafi ya sami ƙofofi ba iyaka, kuma ba shi da nisan tafiya kafin ya kai tsakiyar kowane ɗigo.

Masana a Jami'ar Okayama ta Japan sun yi gwaje-gwaje kan madarar mai ƙwaya 14 tun cikin shekarun 1990. A Jamus kuma wata cibiyar bincike ta Fraunhofer da ke garin Obahausen ta buga sakamakonta a 2009, inda ta nuna cewa madara mai kashi 30 cikin ɗari na farafin tana ɗaukar kimanin ninki biyu na abin da ruwan sanyi ke ɗauka a tazarar digiri 6. Ma'anarsa, tankin da rabinsa ya isa, ko bututun da ya fi siriri, ko famfon da ba ya shan wuta da yawa. Akwai kuma wata riba. Injin da zai yi ƙanƙara dole ya sauka ƙasa da sifiri da digiri da dama, kuma kowane digiri da ya ƙara sauka ƙarin wuta ne. Wanda zai daskarar da farafin mai narkewa a digiri 6 ba ya bukatar wannan wahala, in dai farafin ya yarda ya daskare a kan lokaci.

Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne babbar matsalar, kuma hakimai za su fi kowa saurin gane ta. Abu ba ya fara daskarewa sai ya sami abin da zai kafu a kai, ko ƙwayar ƙura, ko ƙarzon jikin mazubi. In farafin yana tare wuri ɗaya, ƙwayar ƙura guda ta isa, daga ita daskarewa ta bazu ko'ina, kamar yadda mai shela guda ke isar wa gari duka. Amma in an raba shi ɗigo dubu dubbai, ya zama kamar tungaye da rugage warwatse cikin daji, kowace sai an aika mata da nata manzo. Ɗigon da bai sami manzo ba ya kan zauna yana ruwa ko sanyi ya wuce matsayinsa. An ga madarar mai ƙwaya 16, wadda ya kamata ta daskare a digiri 18, ta ƙi har sai da aka sauko da ita fiye da digiri 10 ƙasa da haka. Gwargwadon ƙanƙantar ɗigo, gwargwadon taurin kansa. In kuwa sai an sauka har haka, ribar wutar da a ke nema ta tafi, ga mai ƙwaya 14 ma ruwan da ke ɗauke da shi zai riga shi daskarewa. Dabarar da aka samu ita ce a narka ɗan kaki mai dogon jeri cikin farafin tun kafin a kaɗa, don kowane ɗigo ya tafi da manzonsa a cikinsa. Kakin ya kan riga daskarewa, sauran su kafu a kansa. Wannan ya rage matsalar ƙwarai.

Matsala ta biyu matan Fulani sun san ta. In aka bar madara ta kwana, mai ya kan taso sama. In aka zuba nono cikin gora aka yi ta kaɗawa, rigar ɗigon ta kan yage, su manne da juna, man shanu ya fito dunƙule. Ga mai tallan nono wannan shi ne abin nema, ga mai madarar farafin kuwa hasara ce. Famfo yana kaɗa ta dare da rana, tana daskarewa tana narkewa kullum, ana kuwa so ta shekara da shekaru ba ta tsinke ba. Ranar da ta tsinke, kaki ya toshe bututu. In aka ƙanƙanta ɗigon don kada ya taso, taurin kan daskarewa ya ƙaru. In aka ƙara yawan farafin don ta ɗauki sanyi da yawa, ta yi kauri famfo ya sha wuya. Kowane gyara da kuɗinsa. Waɗansu sun kauce wa tsinkewar ta wajen yi wa kowane ɗigo ɓawo na roba mai tauri. An zuba irin wannan cikin tankin sanyi na filin jirgin saman Narita kusa da Tokyo, ana tara sanyi da dare sa'ad da wuta ke da arha, a sha shi da rana. Sai dai ɓawon ya ƙara tsada, shi ma kuma yana fashewa.

Abin Da Ya Shafi Ƙasar Nan

Madarar farafin ba kayan ƙaramin asibitin ƙauye ba ce. Amfaninta yana wurin da a ke tura sanyi cikin bututu daga inji zuwa ɗakuna da yawa: babban asibiti, ko babban ɗakin ajiyar magani, ko wurin tara madara, ko ɗakin sanyi na kasuwar kayan gwari. Mafi yawan aikinta har yanzu yana hannun masu bincike da 'yan wuraren gwaji. In ranarta ta zo a Arewa, ta wajen hasken rana za ta zo, gama a nan rana ba ta yankewa, abin da ke wuya shi ne ajiye amfaninta zuwa dare. Aiki ne da ya dace da wurare irin su Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura Namoda.

Amma asalin dabarar, watau tara sanyi cikin abu mai narkewa, ya riga ya iso. Da can firijin magani na ƙauye da kananzir ya ke aiki, sai an kula da lagwani, in mai ya yanke magani ya lalace. Daga baya aka kawo na hasken rana mai batir, batir kuwa ba ya shiri da zafin ƙasar nan, cikin 'yan shekaru ya mutu, in ma ba a ɗauke shi an kai wani aiki ba. Tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fara amincewa da wani iri marar batir. Da rana faifan hasken rana ya tuƙa injin, injin ya daskarar da abin da ke cikin bangon firijin, da dare abin ya yi ta narkewa a hankali yana tsare maganin. An ƙera su su jure kwanaki ko hadari ya rufe rana. Waɗansu ruwa ne cikin bangonsu, an raba shi da ɗakin magani da shamaki. Waɗansu kuwa abu ne mai daskarewa a wajen digiri 5, wanda ko kwalba ta jingina da shi ba za ta daskare ba. Irin waɗannan firiji ne hukumar lafiya matakin farko ta ƙasa, da taimakon ƙungiyar Gavi, ta rarraba cikin mazaɓu. Ba maganin yara kaɗai ke cin moriyarsu ba. Allurar tsayar da jini bayan haihuwa, da ta masu ciwon sukari, su ma sanyin nan su ke so, maganin rigakafin ciwon huhu na shanu da a ke yi a Vom shi ma yana bukatar sanyi, ko da ya ke na dabbobi da nasa wurin ajiya dabam.

Tun da aka kafa kwamitin sarakunan Arewa kan lafiya matakin farko a 2009, ƙarƙashin jagorancin Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar, hakimai da dagatai da masu unguwanni sun ɗauki nauyin fito da jama'a ranar allura, kuma da wannan ƙoƙari aka kai ga shelar 25 ga Agusta 2020 cewa ƙwayar shan inna ta daji ta ƙare a Afirka. Fito da yara rabin aiki ne, sauran rabin yana cikin firiji da akwati. Ba a ce hakimi ya zama likita ba, amma in ya fita rangadi ya sauka a asibitin gari, yana da ikon tambaya. Akwai takardar da a ke rubuta awon sanyi safe da yamma. Malamin hakimi yana iya dubawa ya ga ko ana cika ta, ko kuma lambobin suna tsakanin 2 da 8. Da hunturu ƙura ta kan rufe faifan hasken rana ta rage masa ƙarfi, shafe shi da tsumma mai laushi da sassafe aikin minti kaɗan ne, sai dai a san wanda aka ɗora wa. Reshen itacen da ya yi masa inuwa a sare shi. Faifan kuma dukiyar gari ce, tsaronsa yana wuyan mai gari.

Kada a sa ruwan sha ko lemo ko nama cikin firijin magani, ko na wane ne. Kowane abu mai ɗumi da aka sa, da kowace buɗewar murfi, ɗiba ce daga rumbun da aka tara domin dare. A kan sami wannan da azumi musamman, kuma ma'aikaci ƙarami ba ya iya hana babban mutum. In maganar ta fito daga bakin hakimi sai ta zauna.

Ranar fita allura, gorar ƙanƙara ba ta shiga akwati kai tsaye daga inji. A kan jera su a fili tukuna har su fara gumi, a girgiza a ji motsin ruwa a ciki, sa'an nan a sa. In an yi shakkar wata kwalba ta daskare, ma'aikatan lafiya suna da gwajin girgizawa da su ke yi wa irin magungunan da gwajin ya dace da su, kada a matsa musu su yi amfani da ita don jama'a sun taru. In kuwa aka kawo akwati mai gorar farafin a maimakon ta ruwa, a cikin firiji a ke daskarar da ita, ba cikin injin ƙanƙara ba, sai fa in takardar mai ƙira ta faɗi wani abu dabam. Gorar da ta tsage ta fara naso a ware ta a mayar wa ma'aikatar lafiya, kada a zubar cikin rijiya ko kusa da wuta, kada kuma a bar ta inda yara ke wasa. Ruwan cikinta garau ya ke kamar na sha, in yaro ya sha ya shaƙe shi ya kan taɓa huhu kamar kananzir, sai a gaggauta kai shi asibiti, kada a sa shi amai.